Tukwanen Idin Ƙetarewa: Yadda Yahudawa Suke Kawar da Tsohon Yisti

Karatu: Fitowa 12:14-20, Littafin Ƙidaya 31:21-23, 1 Korantiyawa 5:6-8

  

Kowace shekara idan Ista ta matso, akan karanta mana wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Korantiyawa, sura 5, inda manzo ya gargaɗi ikkilisiya ta kawar da tsohon yisti, gama an riga an miƙa Almasihu hadaya, shi ne Ɗan Ragonmu na Idin Ƙetarewa. Da yawa cikinmu mun haddace wurin. Amma idan aka tambaye mu yadda ake kawar da yisti daga gida, sai mu yi shiru. Bulus kuwa Bayahude ne, ya girma cikin jama'ar da take yin wannan aiki kowace shekara. Sa'ad da ya rubuta maganar, ya san wahalar da take ciki.

Saboda haka yau za mu shiga ɗakin girkin Yahudawa, mu ga abin da suke yi wa tukwane, da cokula, da wuƙaƙe, da murhu kafin idi. Iyayenmu mata, ku matso kusa da rediyo, domin wannan darasi ku ne za ku riga kowa fahimtarsa.

Umarnin da Allah ya bayar

Mun san labarin daren da Isra'ilawa suka fita daga Masar. Kowane gida ya yanka ɗan rago, aka shafa jininsa a dogaran ƙofa, aka gasa naman, aka ci shi da gurasa marar yisti da ganyaye masu ɗaci. Da Fir'auna ya sallame su, suka fita da gaggawa. Fitowa 12:34 ta nuna mana cewa sun ɗauki ƙullunsu tun bai kumbura ba, suka naɗe kwanonin kwaɓin cikin tufafinsu, suka saɓa a kafaɗa.

Domin kada a manta da wannan dare, Allah ya umarta a riƙa yin idi na kwana 7 kowace shekara. Umarnin yana da hawa uku. Na fari, kada a ci abu mai yisti. Na biyu, kada a same shi a cikin gida. Na uku, kada ma a gan shi a cikin iyakar ƙasarsu, kamar yadda yake a Fitowa 13:7. Wanda kuma ya ci abu mai yisti a cikin kwanakin nan, za a raba shi da jama'ar Isra'ila. Ashe ba ƙaramar magana ba ce.

Har wa yau Yahudawa suna kiyaye wannan idi. Da Ibrananci suna kiransa Pesak. Yana farawa ran 15 ga watansu na Nisan, wanda yakan faɗo cikin Maris ko Afrilu. A ƙasar Isra'ila kwana 7 ake yi, yawancin masu riƙe da al'ada a sauran ƙasashe kuwa kwana 8 suke yi. Tun da Romawa suka rushe Haikalin Urushalima a shekara ta 70, yawancin Yahudawa ba su ƙara yanka ragon idin a matsayin hadaya ba. Amma kawar da yisti bai taɓa tsayawa ba.

Wane irin yisti ake nufi?

Idan muka ji an ce yisti, hankalinmu yakan tafi ga garin nan da ake sayarwa a ƙunshi a kasuwa. A zamanin Musa babu irin wannan. Abin da mace takan yi shi ne, ta gutsuri kaɗan daga ƙullun yau ta ajiye. Kafin ta sake kwaɓi ya yi tsami, sai ta sa shi cikin sabon ƙullu, duka ya kumbura. Kamar dai yadda ake ɗiban tsohon nono a zuba cikin sabuwar madara domin ta kama. Wato gurasar yau tana ɗauke da wani abu na jiya, ta jiya kuma tana ɗauke da na shekaranjiya. Idan aka zubar da yisti duka, an yanke wannan igiya, an fara sabo.

Malaman Yahudawa sun fayyace abin da aka hana, suna kiransa hamets. Shi ne duk abin da aka yi da ɗaya daga cikin hatsi 5, wato alkama, da sha'ir, da waɗansu uku danginsu da ake nomawa a ƙasashe masu sanyi, idan ruwa ya taɓa garin, aka bar shi ya wuce minti 18 ba a gasa ba. Burodi, da biskit, da taliya, da giyar sha'ir duk suna ciki. Gurasar idin kuwa, wadda suke kira matza, gari ne da ruwa kaɗai, ana kwaɓawa a gasa kafin minti 18 ɗin su cika. Shinkafa, da gero, da masara, da wake ba sa cikin hatsin nan 5, ko da yake Yahudawan da kakanninsu suka zauna a gabashi da tsakiyar Turai sukan ƙaurace musu a kwanakin idin bisa ga al'ada.

Mu lura, yisti ba haram ba ne a kan kansa. Sauran kwanakin shekara Yahudawa suna cin burodinsu. Ubangijinmu ma ya kwatanta Mulkin Sama da yisti a Matiyu 13:33. Makon idi ne kaɗai aka keɓe.

Me ya kawo tukwane cikin maganar?

To, wani zai ce, idan an zubar da burodi, an share gida, ai magana ta ƙare. Me ya kawo tukunya ciki?

Duk macen da take girki ta san amsa. Tukunyar ƙasa da aka daɗe ana dafa miyar daddawa a cikinta, ku wanke ta da soso da sabulu sau goma, ku shanya ta a rana. Ran da kuka dafa ruwan shayi a ciki, mai sha zai faɗa muku abin da aka saba dafawa. Ido yana ganin tukunya fes, harshe kuwa yana ba da wani labari dabam.

A kan wannan ne malaman Yahudawa suka gina koyarwarsu. A ganinsu, kayan girki sukan sha ɗanɗanon abincin da aka dafa a cikinsu da zafi, sukan kuma mayar da shi cikin abincin da aka dafa daga baya. Tukunyar da ta yi shekara tana dafa taliya, idan aka dafa abincin idi a cikinta, hamets ya shiga abincin ke nan, ko da ba a ga ɓarɓashi ko ɗaya ba. Don haka dole a mai da tukunyar ta zama kosha, wato abin da ya halatta a yi amfani da shi.

Sun kafa hujja da wurare biyu a cikin Attaura. Na fari shi ne Littafin Ƙidaya 31:21-23. Bayan yaƙi da Madayanawa, sojojin Isra'ila suka komo da ganima. Ele'azara firist ya lissafta musu ƙarafa 6: zinariya, azurfa, tagulla, baƙin ƙarfe, kuza, da darma. Ya ce duk abin da zai iya jure wuta a bi da shi ta wuta, wanda ba zai jure ba a bi da shi ta ruwa. Na biyu shi ne Littafin Firistoci 6:28, game da tukunyar da aka dafa naman hadaya don zunubi. Idan ta tagulla ce, a kankare ta a ɗauraye da ruwa. Idan ta ƙasa ce, sai a fasa ta.

Daga nan malamai suka fitar da ƙa'ida guda, wadda ita ce zuciyar darasinmu na yau: ta hanyar da ɗanɗano ya shiga, ta nan ne zai fita. Abin da ya shiga da wuta, wuta ce za ta fitar da shi. Abin da ya shiga da tafasasshen ruwa, sai tafasasshen ruwa. An tattauna waɗannan dokoki a cikin Talmud, babban littafin koyarwar malamansu. Daga baya wani malami mai suna Yusufu Karo, mazaunin garin Safed a Galili, ya tsara su cikin littafinsa Shulhan Aruk, wanda aka buga a birnin Benis na Italiya a shekara ta 1565. Shi ne Yahudawa masu riƙe da al'ada suke bi har yanzu.

Hanyoyi huɗu na tsabtace kayan girki

Kafin kowace hanya, akwai wanki. A kankare ƙanzo, a goge maiƙo, a cire tsatsa, a bi gindin mariƙi da bakin murfi inda datti yakan maƙale. Tafasasshen ruwa aikinsa fitar da ɗanɗanon da ya shige jikin ƙarfe ne, ba wanke ragowar abinci ba. Bayan wanki kuma akan ajiye kayan awa 24 ba a dafa kome da su ba, domin ɗanɗanon da yake ciki ya tsufa, ƙarfinsa ya ragu.

Hanya ta fari ita ce wuta, suna kiranta libun. Ta kayan da suka taɓa abinci a kan wuta kai tsaye ce, ba ruwa a tsakani, kamar ƙarfen gasa nama da farantin gasa burodi. Ana ƙona su da garwashi ko da wutar gas har ƙarfen ya yi ja. Wannan hanya takan lalata kaya da yawa, shi ya sa mutane da dama sukan gwammace su sayi sabon farantin gashi domin idi. Tandar zamani, wadda take iya ƙone dattin cikinta da zafi mai tsanani, ta sauƙaƙa wa masu ita wannan aiki.

Hanya ta biyu ita ce tsomawa cikin tafasasshen ruwa, suna kiranta hagala. Ta tukwanen ƙarfe ce, da cokula, da ludaya, da duk abin da yake aiki cikin miya ko romo. Ana ɗora babbar tukunya a wuta har ruwa ya tafasa sosai. A tsoma kaya ɗaya ɗaya, domin ruwan ya taɓa kowane gefe. Idan sanyin ƙarfe ya kwantar da tafasar, sai a jira ta dawo kafin a sa na gaba. Idan an riƙe cokali da awartaki, sai a sassauta a sake kama shi a wani wuri, domin inda aka riƙe shi ma ruwa ya same shi. Da an fitar, sai a ɗauraye da ruwan sanyi.

To, idan tukunyar ta fi ƙarfin a tsoma ta cikin wata fa? Sai a cika ta da ruwa har baki, a tafasa, sa'an nan a jefa dutsen da aka gasa a wuta a ciki. Ruwan zai yi bori ya malalo ta bakin tukunyar, ya wanke leɓenta duka. A Urushalima da waɗansu biranen Isra'ila, kwanaki kaɗan kafin idi, za ku ga an kafa manyan tukwane a bakin titi ruwa yana tafasa, mutane sun yi layi da kwandunan cokula da tukwane, ana tsoma musu.

Hanya ta uku ita ce zuba tafasasshen ruwa daga sama. Ta wuraren da ba a dafa abinci a cikinsu ba ce, amma abinci mai zafi yakan zuba a kansu, kamar kwamin wanke-wanke na ƙarfe da teburin girki na dutse. Ana ɗauko ruwan daga wuta yana tafasa, a bi ko'ina da shi. Inda ba za a iya yin haka ba, sai a rufe wurin da takardar alminiyam ko wani abin shimfiɗa har idi ya wuce.

Hanya ta huɗu ita ce ruwan sanyi, domin kayan da ba su taɓa ɗaukar abu mai zafi ba. A nan malamai sun rabu game da gilashi. Yusufu Karo ya ce gilashi sumul yake, ba ya shan kome, wanki ya isa. Musa Isalis, malamin birnin Karakau a ƙasar Folan, wanda ya yi zamani da shi, ya rubuta cewa al'adar Yahudawan yankinsu ta fi haka tsanani. Waɗansu sukan jiƙa kofunan gilashi cikin ruwa kwana 3, suna sake ruwan kowace awa 24.

Akwai kuma kayan da ba su da magani, domin hannu ba ya kaiwa lungunansu: rariyar tankaɗe, da abin goga mai ƙananan huji, da akushi ko muciyar da ta tsage. Waɗannan sai a wanke su, a kulle su a wuri guda har bayan idi. Saboda yawan aikin nan, gidaje da yawa suna da tukwane da kwanoni na musamman, waɗanda ba a fito da su sai mako guda a shekara.

Tukunyar ƙasa

Yanzu mun zo ga wadda ta fi kowace wuya. Malaman Yahudawa sun ce tukunyar ƙasa ba ta sakin abin da ta sha. Ku tafasa ta sau ɗari, za ta fitar da kaɗan ta riƙe saura. Hujjarsu ita ce ayar da muka ambata, inda Allah bai ce a wanke ta ba, ya ce a fasa ta. Yawancinsu sun sa tangaran ma cikin wannan hukunci. Yahudawan ƙasar Habasha, waɗanda a dā da yawa cikin matansu maginan tukwane ne, an san su da al'adar farfasa tsofaffin tukwanensu kafin idi, su gina sababbi.

Amma akwai ƙofa guda da malamai suka bari a buɗe. Idan aka mayar da tukunyar ƙasa cikin wutar maginin tukwane, inda ake gasa sababbi, aka sake gasa ta, to, ta halatta. Dalili kuwa shi ne, ana lissafta ta kamar sabuwa ce. Ku riƙe wannan a zuciya, za mu dawo kansa.

Daren bincike

Bayan an gama da tukwane, saura aiki guda. Daren da yake kafin daren idi, wato farkon 14 ga Nisan, da duhu ya yi, maigida yakan kunna kyandir ya bi gida lungu lungu yana neman hamets. Littafin Mishna, wanda aka harhaɗa wajen shekara ta 200, ya riga ya ambaci wannan bincike da hasken fitila. Me ya sa da dare, da ƙaramar wuta? Domin hasken rana yana haskaka tsakar ɗaki, ƙaramar fitila kuwa ita take shiga rami da tsaga.

A gidaje da yawa akan ɓoye gutsattsarin burodi 10, yara su taya nema. Maigida yana riƙe da gashin tsuntsu yana sharo ɓarɓashi cikin cokalin katako. Da ya gama, sai ya furta cewa duk hamets ɗin da ya rage a hannunsa, wanda bai gani ba, ya yafe shi, ba nasa ba ne, ya zama kamar ƙurar ƙasa. Kashegari da hantsi a ƙone abin da aka tara. Wanda yake da kaya masu yawa, kamar mai kanti, yakan sayar da su ga wanda ba Bayahude ba ta hannun malaminsu, ya sake saye bayan idi.

Ku dubi tawali'un da yake cikin wannan furci. Mutum ya yi makonni yana shara da wanki, duk da haka ya yarda cewa akwai abin da idonsa bai gani ba.

Wajibi ne Kirista ya yi haka?

A'a. A taron Urushalima, cikin Ayyukan Manzanni sura 15, manzanni da dattawa ba su ɗora wa al'ummai masu bi nauyin dokokin nan ba. Bulus kuma ya gaya wa Kolosiyawa, a sura 2:16-17, kada su bar kowa ya hukunta su a kan ci da sha ko idi, gama waɗannan inuwa ce, ainihin kuwa Almasihu ne. Saboda haka kada wata ta ce mun aike ta ta fasa tukunyarta.

Amma kada kuma mu yi wa Yahudawa dariya. Ubangijinmu da kansa ya kiyaye wannan idi. A Luka 22 ya aiki Bitrus da Yahaya su shirya Jibin Ƙetarewa, a wannan tebur ne kuma ya kafa mana Jibin Ubangiji. Da ya tsauta wa malaman Attaura da Farisiyawa a Matiyu 23:25-26, ba wankin kwano ya hana ba. Laifinsu shi ne sun wanke bayan ƙoƙo, cikinsa kuwa cike da zalunci da haɗama. Mu kuma da muke zuwa sujada da fararen kaya, sai mu tambayi kanmu ko mun fi su.

Abin da tukwanen nan suke koya mana

A Koranti akwai wani mutum cikin ikkilisiya da yake zama da matar ubansa. Kowa ya sani, ba wanda ya yi magana, har ma suna fariya. Shi ya sa Bulus ya tuna musu cewa ɗan yisti kaɗan yakan game ƙullu duka. Mu ma muna da irin wannan magana: wake ɗaya shi ke ɓata gari. Ya kuma faɗi sunan tsohon yistin, wato ƙeta da mugunta, ya ce a yi idin da sahihanci da gaskiya. Bari mu ɗauki darussa huɗu.

Na fari, jini ne ya cece su, ba shara ba. A daren Masar, abin da Ubangiji ya ce zai duba ya ƙetare gida shi ne jinin da yake a ƙofa. Haka Bulus ya jera maganarsa. Bai ce mu tsabtace kanmu domin Almasihu ya mutu saboda mu ba. Ya ce an riga an miƙa shi, saboda haka mu kawar da yisti. Ba muna wanke tukunya domin mu sayi ceto ba ne. Muna wanke ta domin mu mutanen idi ne.

Na biyu, abin da ido bai gani ba, harshe yakan ji. Mutum ya tuba, ya daina zuwa wuraren da ya saba, kowa yana yaba masa. Amma ran da aka ɗora shi a wuta, wato ran da aka taɓa kuɗinsa, ko aka zagi kabilarsa, ko aka ba wani kujerar da yake so a ikkilisiya, sai tsohon ɗanɗano ya fito. Matarsa da 'ya'yansa su ne suke cin abin da tukunyar nan take dafawa kullum, su ne kuma suka san gaskiyarta.

Na uku, ta hanyar da laifi ya shiga, ta nan gyaransa zai bi. Allah yana gafarta mana kyauta saboda jinin Yesu, wannan ba shakka. Amma tsakaninmu da 'yan'uwa akwai gyara. Idan hannu ne ya ɗauki kuɗin zumunta ko na baiko, hannu ne zai mayar, kamar yadda Zakka ya yi alkawari a Luka 19. Idan baki ne ya ɓata sunan wata a gaban mutane, bakin nan ne zai wanke ta a gaban mutanen. Idan ƙafa ce ta ture iyakar gona da dare, sai a mayar da iyakar da rana. Da yawa cikinmu muna so mu ɗauraye da ruwan sanyi abin da ya shiga da wuta. Mun yi shekara 5 ba ma gaisawa da ɗan'uwa, sa'an nan muna so mu gama maganar da addu'ar minti ɗaya a ɗaki, ba tare da mun taka zuwa ƙofarsa ba. Ubangiji kuwa ya ce a Matiyu 5:23-24 mu bar baikonmu a gaban bagade, mu je mu shirya da ɗan'uwan tukuna.

Na huɗu, mu tukwanen ƙasa ne. Haka Bulus ya kira mu a 2 Korantiyawa 4:7. Idan muka bi hukuncin malaman Yahudawa, to, ba ruwan da zai fitar da abin da muka sha tun muna yara: fushin gidanmu, da tsoro, da ƙiyayyar da muka gāda. Wanda ya taɓa ƙoƙarin gyara halinsa da ƙarfin kansa ya san haka. Amma kun tuna ƙofar da aka bari a buɗe? Tukunya takan koma wurin magini. Allah ya aiki annabi Irmiya gidan maginin tukwane, a sura 18, ya ga abin da ake ginawa ya lalace a hannun maginin, maginin kuwa bai jefar da yumɓun ba, ya sake gina wani abu da shi yadda ya ga dama. Wannan ne 2 Korantiyawa 5:17 take nufi da sabuwar halitta. Begenmu ba a wanki yake ba, a hannun Magini yake.

Kafin mu zo teburin Ubangiji

'Yan'uwa, Bulus ya ce kowa ya gwada kansa kafin ya ci gurasar, ya sha ƙoƙon. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A wannan mako bari kowannenmu ya keɓe dare ɗaya, ya ɗauki Maganar Allah kamar fitila, ya bi lungunan zuciyarsa. Kada mu haska ɗakin maƙwabci, namu za mu haska. Abin da muka samu mu kira shi da sunansa, mu furta shi ga Allah. Idan akwai wanda ya kamata mu je wurinsa, mu je kafin Lahadi. Abin da kuma ba mu gani ba, mu miƙa shi ga wanda yake ganin kome, kamar yadda Dawuda ya roƙa a Zabura 19 a tsarkake shi daga ɓoyayyun laifofinsa.

Idan kuwa kana sauraronmu, ba ka taɓa ba da ranka ga Yesu ba, kada ka fara da wankin tukunya. Fara da jinin Ɗan Ragon. Ka nemi fasto ko wani mai bi da yake kusa da kai, ya yi addu'a tare da kai.

Bari mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na Sama, mun gode maka domin Yesu Almasihu, Ɗan Ragonmu na Idin Ƙetarewa. Mun yarda cewa mu ƙasa ne, mun sha abubuwa da yawa waɗanda ba za mu iya fitarwa da kanmu ba. Ka haskaka lungunan zuciyarmu. Ka ba mu ƙarfin hali mu mayar da abin da muka ɗauka, mu nemi gafarar waɗanda muka ɓata wa rai, mu kuma yafe wa waɗanda suka yi mana laifi. Ka sake gina mu, mu zama tukwane masu amfani a gidanka. Ka tuna da jama'ar Yahudawa, waɗanda ta wurinsu ka ba mu Shari'a da annabawa da Mai Ceto. Mun roƙa cikin sunan Yesu. Amin.

Sai mun sake saduwa a shiri na gaba, in Ubangiji ya kai mu. Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku duka.